Sayar da Gidan Gado: Abin da Ke Shiga Ciniki da Abin da Ba Ya Shiga

Gidan gado shi ne gidan da mai shi ya rasu ya bar wa magada, suka ci gaba da mallakarsa a dunƙule ba a raba ba. A tsofaffin unguwannin Birnin Kudu da Gwaram, a kudancin Jihar Jigawa, akwai irin waɗannan gidaje da dama, musamman a kewayen masallacin Juma'a da ƙofar hakimi da bakin tsohuwar kasuwa. Wasunsu sun ga zuriya uku ko huɗu. Duk ranar da aka ji ɗaya daga cikinsu ya shiga hannun dillali, maganar mutanen unguwa takan kasu biyu. Wasu su ce gida dukiya ce kamar gona ko garken shanu, mai hakki yana da ikon ya sayar ya biya buƙatarsa. Wasu kuma su ga abin kunya ne, domin a wurin Bahaushe a ce wane ya sayar da gidan ubansa ya yi kusa da zagi. Tushen saɓanin tambaya ce guda wadda fiƙihu da al'ada da hankali duk suka taɓa: idan an sayar da tsohon gida, mene ne ainihin abin da ya canja hannu? Amsarta tana buƙatar a rarrabe abubuwa uku da suka cakuɗe a cikin kalmar gida: abin da ake mallaka, hakkokin da ke rataye da shi, da abin da ba mai iya mallakarsa balle ya sayar.

Ƙasar da gidajen suke

Birnin Kudu tsohon gari ne, sunansa ma shaida ne, domin a da sai gari mai ganuwa ake kira birni. Hakiminsa yana riƙe da sarautar Sarkin Kudu. Birnin Kudu da Gwaram sun daɗe a ƙarƙashin Masarautar Kano, suna gefenta na kudu maso gabas, daura da ƙasar Bauchi. A ƙarni na 19 yankin ya sha fama da hare-haren Ningawa, don haka zama kusa da juna a cikin gari ya zama sharaɗin tsira. Daga nan aka gaji lunguna masu ƙunci da katangar da gida biyu ke tarayya a kanta. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, hare-haren suka kau, mutane suka fara fita bayan gari suna gini. A ranar 27 ga Agusta, 1991 aka cire Jihar Jigawa daga Jihar Kano, garuruwan biyu suna cikin Masarautar Dutse a yau.

Abubuwan da suka ɗaga darajar fili a yankin sanannu ne. Akwai babbar hanyar da ta taso daga Kano ta bi ta Wudil ta nufi ƙasar Bauchi. Akwai Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu, wadda ta yaye fitattun mutane irin su Aliko Ɗangote, da asibitin Gwamnatin Tarayya da ke jawo ma'aikata da marasa lafiya da masu jinya daga nesa. A ƙasar Gwaram kuma kasuwar Sara tana tara fatake da masu amfanin gona. Duk inda baƙi suka yawaita, neman ɗakin haya da shago yakan ƙaru. Shi ya sa gidan ƙasa da ke kusa da titi, wanda a da ba wanda ya taɓa tunanin farashinsa, yau ake tayawa, kuma sau da yawa mai tayin filin yake so, ginin kuwa rushe shi zai yi.

Siffar tsohon gida

Tsohon gidan Hausa da tubali ake gina shi, wato curin ƙasa da aka kwaɓa da ciyawa aka shanya a rana. Ana rufe soro da azara, wadda ake tsagowa daga giginya saboda ƙarfinta da yadda take jure wa gara. A gidajen masu hali magina kan ɗaura bakan gizo don ɗaki ya yi faɗi, su tsayar da zankwaye a kusurwoyin soro, su shafe bango da makuba, su sa indararo ya zubar da ruwan sama nesa da gindin katanga. Kaurin bango yakan sa ɗaki ya yi sanyi da bazara, ya riƙe ɗumi da hunturu.

Tsarin gidan ya fi kayan gininsa muhimmanci. Daga titi sai zaure, daga zaure sai ƙofar gida, sannan shigifa, kafin a kai cikin gida inda ɗakunan mata da turaka da madafa da rijiya da rumbu suke. Ba a jera ƙofofi a kan layi ɗaya, don kada idon mai wucewa ya kai tsakar gida. Wannan tsari ya dace da koyarwar Alƙur'ani, wanda a Suratun Nahli aya ta 80 ya lissafa gida cikin ni'imomin Allah a matsayin wurin natsuwa, a Suratun Nur aya ta 27 kuma ya hana shiga gidan wani sai da neman izini da sallama. Zaure shi ne inda hakkin iyali na sutura ya haɗu da hakkin jama'a. A nan ake karatun allo da na zaure, a ɗaura aure, a raɗa suna, a karɓi gaisuwar mutuwa, a sasanta masu husuma, a sauki baƙo.

Ginin ƙasa yana da wata ɗabi'a da ta shafi tambayar kai tsaye: ba ya tsayuwa da kansa. Kowace shekara kafin saukar damina sai an yi masa yaɓe, an toshe tsaga, an gyara indararo. Idan aka yi sakaci shekara biyu ko uku, ruwa ya shiga, azara ta ruɓe, soro ya rufta, gida ya zama kango. Ambaliyar 2022 da ta auka wa sassa da yawa na Jigawa ta nuna yadda ruwa ke saurin cin ginin ƙasa. Saboda haka gidan da ake cewa ya shekara ɗari, ƙasar da ke jikin bangonsa an sabunta ta sau ba adadi. Abin da ya ɗore shi ne wurin da tsarin da sunan gidan, da hannuwan da suka yi ta gyarawa. Tsufan gida shaida ce ta hidimar mutanen da suka zauna a cikinsa.

Mallaka

A aƙidar Musulunci mallaka ta haƙiƙa ta Allah ce. Suratu Maryam aya ta 40 ta bayyana cewa Shi ne zai gaje ƙasa da waɗanda ke kanta. Abin da ke hannun ɗan'adam riƙo ne na ɗan lokaci, wanda za a tambaye shi yadda ya samu da yadda ya sarrafa. Duk da haka shari'a ta tabbatar da wannan riƙo, ta kuma kare shi da kariya mai tsanani. Buhari da Muslim sun ruwaito gargaɗin Annabi (SAW) cewa wanda ya ƙwaci ko da taƙi ɗaya na ƙasa da zalunci za a rataya masa shi a wuya ranar ƙiyama har ƙassai bakwai.

Halaccin sayar da gida da fili ya tabbata tun zamanin farko. Filin da aka gina masallacin Madina na wasu marayu biyu ne, Sahlu da Suhailu, kuma Annabi (SAW) ya ƙi karɓarsa kyauta sai da aka biya. A zamanin halifancin Umar ɗan Haɗɗabi an sayi gidan Safwanu ɗan Umayya a Makka a kan dirhami 4,000. Har gidajen dangin Annabi (SAW) na Makka sun fita daga hannun waɗanda suka yi hijira, kamar yadda hadisin Usama ɗan Zaidu ya nuna, inda Annabi (SAW) ya ambaci cewa Aƙilu, ɗaya daga cikin danginsa, bai bar musu gida ba, kuma Annabi bai nemi a warware abin da ya wuce ba.

A ƙasar Hausa malaman jihadi sun yi rubutu a kan hukuncin ƙasa, musamman Abdullahi ɗan Fodiyo a littafinsa Ta'alimur Radi, wanda ya yi bayanin hanyoyin da mutum ke keɓanta da fili. A al'ada kuma ƙasa tana hannun sarki a madadin jama'a, mai neman wurin gini yakan bi ta hannun mai unguwa ko dagaci. Dokar Turawa ta 1910 da dokar Jihar Arewa ta 1962 sun riƙe wannan asali a wata siga, sannan Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sanya dukkan filayen jiha a hannun gwamna bisa amana, ta bar wa mutum hakkin zama da amfani. Addini da al'ada da dokar ƙasa sun bambanta a tushe da manufa, amma sun haɗu a kan abu ɗaya: mai gida mai riƙo ne. Abin da yake sayarwa shi ne ginin da hakkin zama a wurin, kuma wannan halal ne idan an sauke hakkokin da ke kansa.

Hakkin magada

Hakki na farko da ke kan gidan gado na magada ne. Daga abin da mamaci ya bari ana fara fitar da kuɗin jana'iza, sannan bashi, sannan wasiyya wadda ba ta wuce sulusi ba, abin da ya rage a raba bisa ayoyi na 11 da 12 da 176 na Suratun Nisa'i. Idan mutum ya rasu ya bar mata ɗaya da 'ya'ya maza uku da mata biyu, ana kasa dukiyar kashi 64: matar ta ɗauki 8, wato tumuni, kowane namiji 14, kowace mace 7. Wannan lissafi yana hawa kan gida kamar yadda yake hawa kan kuɗi da dabbobi. Idan aka jinkirta rabo har wasu magadan suka rasu, rabonsu ya gangara ga nasu magadan, sai a wayi gari gida mai ɗaki shida yana da masu hakki talatin ko fiye, wasu a Kano, wasu a Legas, wasu ba su taɓa kwana a cikinsa ba.

A nan ne maganar raya gidan uba takan zama mayafin zalunci. Babban wa ya zauna a gidan da iyalinsa, 'yan'uwa mata da ke gidajen aure a ce musu ai gida na kowa ne, shekaru su shuɗe ba su ga ko sisi ba, kunya kuma ta hana su magana. Shirun da kunya ta haifar ba yafiya ba ce. Idan akwai marayu cikin masu hakki, lamarin ya fi nauyi, domin aya ta 10 ta Suratun Nisa'i ta kwatanta cin dukiyarsu da cusa wuta a ciki.

Mazhabar Malikiyya, wadda kotunan shari'a na Jigawa ke bi, ta tsara mafita. Risala ta Ibn Abi Zaidin Alƙairawani, wadda ake karantawa a zaurukan malamai, ta nuna cewa abin da zai rabu ba tare da cuta ba a raba shi, wanda kuwa rabonsa zai lalata amfaninsa, idan ɗaya daga cikin masu hakki ya nemi a sayar, sai a tilasta wa wanda ya ƙi. Ke nan akwai lokacin da sayar da gidan gado shi ne adalci, riƙe shi kuma shi ne laifi. Haka kuma matar mamaci tana da hakkin yin takaba, wata huɗu da kwana goma, a ɗakin da mijinta ya mallaka ya bar ta a ciki, ciniki ba ya fitar da ita kafin ta gama.

Shuf'a da hakkin maƙwabci

Shari'a ta san cewa shigowar bare cikin gidan tarayya tana iya zama cuta, don haka ta sanya shuf'a. Ma'anarta ita ce idan wani magaji ya sayar da kasonsa ga wani na waje kafin a raba, abokin tarayyarsa yana da ikon ya biya daidai kuɗin da aka saya ya karɓe kason. A Malikiyya wannan hakki na abokin tarayya ne a abin da ba a raba ba. Wanda yake gari ya san da cinikin ya yi shiru har shekara ta wuce, hakkinsa ya faɗi, wanda ba ya nan kuwa yana kan hakkinsa har ya dawo. Da zarar an raba an sa iyaka, shuf'a ta ƙare, kuma maƙwabci ba shi da ita. Hanafiyya sun saɓa a nan, sun ba maƙwabcin da ke manne da gida shuf'a.

Rashin shuf'a a gaban alƙali bai share hakkin maƙwabci a gaban Allah ba. Aya ta 36 ta Suratun Nisa'i ta jera maƙwabci na kusa da na nesa tare da iyaye da dangi da marayu cikin waɗanda za a kyautata wa. A hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito, Annabi (SAW) ya faɗi cewa Jibrilu ya yi ta masa wasiyya da maƙwabci har ya zaci za a ba shi gado. Sahabbai sun aikata wannan a ciniki. Buhari ya kawo labarin Abu Rafi'u, wanda yake da ɗakuna biyu a cikin gidan Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas. An taya masa dinari 500, amma ya sayar wa Sa'adu a kan dirhami 4,000, abin da bai kai tayin farko ba, saboda abin da ya ji daga Annabi (SAW) na fifikon maƙwabci.

Al'adar Hausa ta tafi a kan wannan turba. Mai mutunci ba ya kai gidansa kasuwa sai ya fara sanar da 'yan'uwa, sannan maƙwabtan da suka haɗa katanga, sannan mai unguwa. Dalilin a fili yake. Mai sayarwa zai karɓi kuɗinsa ya tafi, waɗanda ya bari su ne za su zauna da wanda ya kawo musu. Wanda ya san mai saye zai mai da gidan wurin da zai hana unguwa barci ko ya ɓata tarbiyyar yara, ya rufe ido saboda ƙarin kuɗi, cinikinsa na iya ƙulluwa a shari'a, amma ya bar wa mutanen da suka yi masa zaman arziki cuta a matsayin sallama.

Gaskiya a ciniki

Cinikin gida yakan bi ta hannun dillali, wanda ke haɗa mai saye da mai sayarwa ya karɓi la'ada. Mai saye ya taya, idan tayin bai kai ba a ce masa albarka, idan ya kai a sallama, a kira shaidu, a rubuta takarda, mai unguwa ya sa hannu. Rubutu da shaidu suna da asali a aya ta 282 ta Suratul Baƙara, kuma su ne ke kashe rigimar da kan taso bayan waɗanda suka yi cinikin sun kwanta dama.

Wajibi ne mai sayarwa ya bayyana aibin da ya sani. Hadisin Hakimu ɗan Hizamu ya nuna cewa masu ciniki idan suka yi gaskiya suka bayyana, ana sa albarka a cinikinsu, idan suka ɓoye suka yi ƙarya, ana shafe ta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma aibobin tsohon gida ba kasafai ido ke ganinsu da rani ba: azarar da ta ruɓe a ƙarƙashin sabon yaɓe, gindin katangar da danshi ya cinye, tsohuwar rijiya ko masai da aka cike, kwararon da ruwan unguwa ke bi ya shigo tsakar gida da damina. Akwai kuma aibobin da ba na gini ba, irin su rikicin iyaka, ko jingina da ba a fanshe ba, ko magajin da bai yarda ba, ko kabari a cikin gida, wanda ke da alfarmar da sabon mai gida ya wajaba ya sani. Idan mai saye ya gano tsohon aibi mai girma da aka ɓoye masa, shari'a ta ba shi damar mayarwa. Haka nan an hana najashu, wato a sa wani ya yi tayin ƙarya don a ruɗi mai saye ya ƙara. Dillalin da ya ƙawata tarihin gida da abin da bai faru ba, ko ya ce wa magada ba a taya da daraja ba alhali an taya, ya ci amanar da aka ba shi.

Wani labari da Buhari da Muslim suka ruwaito ya nuna inda tsentseni ke kai masu ciniki. Wani mutum ya sayi fili ya tarar da tulun zinariya a ciki, ya ce wa mai sayarwa ya karɓi abinsa domin shi ƙasa ya saya. Mai sayarwa ya ce shi ya sayar da ƙasa da abin da ke cikinta. Wanda suka kai wa ƙara ya sa ɗan wannan ya auri 'yar wancan, aka ciyar da dukiyar a kansu. Kowannensu tsoronsa kada hakkin ɗan'uwansa ya maƙale a hannunsa.

Tarihi da albarka

Abu na uku, wanda ba mai iya mallakarsa balle ya sayar, shi ne wanda ya fi sa zuciya nauyi. A cikin tsohon gida aka haifi mutum, a bayan ɗakin uwarsa aka binne mabiyiyarsa, a zauren ya fara riƙe allo, daga ƙofar aka fitar da gawar mahaifinsa. Hausa ma kan kira garin mutum mahaifarsa, ta kira mutane da sunan gidansu, a ce 'yan gidan liman ko 'yan gidan maƙera. Wannan ƙauna ɗabi'a ce, addini bai zarge ta ba. Tirmizi ya ruwaito yadda Annabi (SAW) ya bayyana son da yake wa Makka, da cewa fitar da shi aka yi. Amma aya ta 24 ta Suratut Tauba ta ambaci gidajen da ake jin daɗinsu cikin abubuwan da bai halatta son su ya rinjayi son Allah da Manzonsa ba. Son gida yana da iyaka, kuma iyakar ita ce hakkin Allah da hakkin bayinsa.

Game da albarka, Muwaɗɗa ta Imamu Malik ta kawo amsar da Salmanul Farisi ya aika wa Abud Darda'i lokacin da ya gayyace shi zuwa ƙasa mai tsarki, inda ya nuna masa cewa ƙasa ba ta tsarkake kowa, aikin mutum ne ke tsarkake shi. Gidan da aka san shi da karatu ko ciyar da baƙi ya sami sunansa ne daga abin da aka aikata a cikinsa. Idan jikoki suka bar karatun suka rufe zauren, albarkar ba ta zauna a jikin tubali tana jiransu ba. Idan kuma suka tashi suka ci gaba da aikin a sabuwar unguwa, ta bi su. Karin maganar nan da ke cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi, zumunci da tarbiyya take nufi fiye da bango.

Ƙasar Birnin Kudu kanta tana ɗauke da wannan darasi. A Dutsen Habude da Dutsen Mesa akwai zanen shanu a jikin duwatsu, waɗanda masanin kayan tarihi Bernard Fagg ya yi nazarinsu a shekarun 1950, tare da duwatsun da ke ƙara kamar ƙararrawa idan an buga. Mutanen da suka yi zanen sun zauna a wurin sun ɗauke shi gida, yau sunansu ya ɓace, wasu ne ke noma a inda suka yi kiwo. Sunayen Gwaram Tsohuwa da Gwaram Sabuwa ma sun nuna cewa gari kansa yakan matsa. Ba a taɓa samun gidan da mazauninsa na yanzu shi ne na ƙarshe ba.

Tsakanin riƙewa da sayarwa

Magada suna da hanyoyi da dama kafin su kai ga miƙa gida ga bare. Ana iya kiran masana su yi wa gidan kuɗi, mai hali daga cikin magada ya biya sauran kasonsu, gida ya zauna a dangi kowa kuma ya sami hakkinsa. Ana iya sa shi haya a riƙa raba kuɗin bisa kason gado. Ana iya ware zaure a bar shi makaranta ko masallaci da yardar dukkan masu hakki, a sayar da saura. Akwai kuma wakafi, wanda Malikiyya ke kira hubusi, inda ake tsare asalin dukiya a sadaukar da amfaninta, kamar yadda Umar ya yi da gonarsa ta Haibara. Buhari ya ambaci cewa Zubairu ɗan Awwamu ya yi wakafin gidajensa, ya shardanta cewa duk 'yarsa da aurenta ya mutu tana da hakkin zama a ciki. Wannan ya taɓa wata buƙata da ake mantawa a lokacin ciniki: gidan uba shi ne mafakar bazawara da tsohuwa da maraya, kuma wajibi ne a san inda za su koma kafin a sallama.

Idan sayarwar ta zama dole, sai a kula da inda kuɗin za su. Ibn Majah da Ahmad sun ruwaito daga Sa'idu ɗan Huraisu gargaɗi cewa wanda ya sayar da gida bai sa kuɗin a makamancinsa ba ya cancanci a ƙi sa masa albarka. Malamai sun yi saɓani a kan ƙarfin isnadinsa, kuma sun ɗauke shi a matsayin shiryarwa, amma rayuwa tana gaskata ma'anarsa. Gidan da aka shekara tamanin ana yaɓe yakan narke cikin 'yan watanni a hidimar biki ko abin hawa.

Abin da ke kan mai saye

Magabata sun yi nasiha da a binciki maƙwabci kafin a binciki gida, kuma hadisin da Ibn Hibban ya ruwaito ya sanya maƙwabci nagari da gida mai yalwa cikin abubuwan jin daɗin duniya. Abin da ke jawo mutum zuwa tsohuwar unguwa shi ne kusancin masallaci da kasuwa, da dattawan da ke zaune a dakali suna sa ido a kan yaran kowa, da matan da ke aika wa juna ƙoƙon abinci ta kan katanga, da jama'ar da ke cika ƙofar gida ranar suna da ranar mutuwa. Dillali yakan lissafa waɗannan a cikin farashi, alhali ba mallakar mai sayarwa ba ne. Mutanen unguwa ne suka gina su a tsawon shekaru, kuma baƙo yana samun rabonsa a ciki gwargwadon abin da ya zuba.

Mai saye yana da ikon ya rushe ya gina na bulo da kwano, amma ikon yana da sharaɗi. Risala ta hana mutum buɗe tagar da za ta tona asirin gidan maƙwabci, ko yin ƙofa daura da ƙofarsa, ko haƙa abin da zai cuce shi ko da a cikin filinsa ne. Wanda zai ta da bene a tsakiyar gidajen ƙasa sai ya duba inda tagoginsa ke kallo da inda ruwan rufinsa zai zuba, domin ruwan kwano yana iya kayar da katangar maƙwabci a damina ɗaya. Idan unguwa ta saba ɗiban ruwa a rijiyar gidan, ko yara na karatu a zaurensa, kyautatawa ita ce a nemi hanyar da alherin ba zai yanke ba. Takardar ciniki tana ba sabon mai gida bango da fili a ranar da aka sa mata hannu. Zama ɗan unguwa kuwa sai a hankali yake samuwa, ta hanyar sahun salla da gaisuwar asuba da zuwa jana'iza da haƙuri da yaran maƙwabta, har ranar da mutane za su daina kiran gidan da sunan wanda ya tafi su fara kiransa da sunan wanda ya zo.